Hayaƙin Murhu da Mai Juna Biyu: Jagora ga Sabbin Ma'aikatan Awo a Kudancin Kano

Sabuwar ma'aikaciyar lafiya da aka turo Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa takan zo da karatunta a ka. Ta iya auna jini da nauyi, ta iya ɗora tef a kan ciki, ta san lokacin ba da ƙwayoyin ƙarin jini da Fansidar da gidan sauro. Abin da kan wuce ta shi ne matar da ke zaune a gabanta daga gindin murhu ta taso, idonta jawur, mayafinta yana warin hayaƙi, kuma tana komawa gida can za ta sake zama har bayan magariba. Ba kasafai ake tambayar mai ciki da me take girki ba, balle a ina, balle sa'a nawa.

Waɗanda suka tuna da batun ma, kurakurai uku suke ta maimaitawa. Wata ta ce wa mai ciki "ki guji hayaƙi" ta wuce, alhali matar ce ke ciyar da gida mai mutum goma sha. Wata ta ce a sayi gas, ba ta tambayi ko akwai kuɗin cefanen gobe ba. Wata kuma ta rubuta ƙwayoyin bitamin, ta ɗauka ta gama aiki. Duka ukun suna barin hayaƙin a inda yake. Aikin rage shi yana da tsari, kuma yawancinsa a cikin gida ake yinsa.

Abin da hayaƙi yake yi wa ciki

Ma'aikaciyar da ba ta fahimci dalili ba, ba za ta iya shawo kan uwar miji ba, don haka daga nan ake farawa. Hayaƙin itace, kara, totuwar masara da buntun shinkafa yana ɗauke da abubuwa biyu masu haɗari ga ciki. Na farko ƙananan ɓurɓushi ne da faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba, wato sun fi silin gashin kai siranta kusan sau 30. Hanci ba ya tare su. Sukan gangara can ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarsu kuma su ratsa cikin jini. A 2019 masu bincike na Jami'ar Hasselt da ke Beljiyam suka gano irin wannan baƙin ɓurɓushi a cikin mabiyiya, a gefen da ke fuskantar jariri. Na biyu iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe ta, ya kuma fi jinkirin sakinta.

A kullum, yayin da jiki yake sarrafa abinci da oksijin, yakan bar wasu ragowar sinadarai masu kaifi da ke iya cin bangon ƙwayoyin jiki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfen garmar da aka bari a raɓa. Jiki yana da nasa sinadaran da ke dakusar da su, wasu shi yake ƙerawa, wasu daga abinci yake samu. Matsala tana tasowa idan masu ɓarnar suka rinjayi masu kariya, kuma hayaƙi yana ƙara yawan masu ɓarnar. Ciki kansa yana matsa wannan ma'auni, domin mabiyiya tana aiki da oksijin mai yawa, musamman daga wajen mako na 10 zuwa na 12, lokacin da jinin uwa yake fara kwarara cikinta sosai. Ga shi kuma iskar da mai ciki ke shaƙa a minti ɗaya tana ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ita da kishiyarta za su zauna a madafi ɗaya, amma ita ce za ta fi kwasar hayaƙin.

Idan ɓarnar ta yi rinjaye, bangon jijiyoyin jini ne kan fara jin jiki. Jijiyoyin sukan tsuke, jini ya hau, abin da ke isa ga ɗan tayi ya ragu. Ta nan ake danganta hayaƙin girki da hawan jinin masu ciki, haihuwar jariri ƙasa da kilo 2.5, haihuwar bakwaini da mutuwar ɗa a ciki. Da aka tattara binciken ƙasashe da dama, an ga jariran gidajen da ke girki da itace da makamantansa sukan gaza sauran da giram 80 zuwa 100 a matsakaici. Ga ƙosasshen jariri wannan ba komai ba ne. Ga jaririn uwar da ke fama da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro, shi ne zai iya jefa shi ƙasa da kilo 2.5.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Ƙa'idarta ta 2021 ta ce kada waɗancan ɓurɓushi su wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin yini guda. Madafin itace da ba shi da mafitar iska yakan kai ɗaruruwa.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma yawancinsu suna cikin jakar ma'aikaciya tun asali:

Katin awo da littafin ziyara, domin abin da ba a rubuta ba, wadda za ta karɓi aikin ba za ta san shi ba.
Na'urar awon jini mai kyau, da tef ɗin awon ciki.
Tocila, don duba rufin madafi da na ɗakin kwana.
Waya ko agogo, don lissafin lokacin da ake ɓatawa a gaban wuta.
Ruwan sabulu a ƙaramar kwalba, don gwada yoyon tukunyar gas.
Izinin maigida, da sanin mai unguwa ko dagaci. Wannan ya fi sauran muhimmanci. A gidajen da ake kulle, mace ce kaɗai za ta kai madafi, kuma ko ita sai an san da zuwanta.

Akwai gargaɗi game da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Ba ta iya bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda kabon monoksaid ta cika, saboda haka takan nuna 98 ko 99 ga wanda gubar ta kama. Duk wadda ta dogara da ita a wannan hali za ta sallami mara lafiya.

Mataki na 1: A fara tun zuwan farko

Jijiyoyin da ke shayar da mabiyiya suna kammala buɗewa ne a rabin farko na ciki, kafin wajen mako na 20. Gyaran da aka yi a wata na takwas ya rasa wannan lokaci. Babban gwajin da aka yi da mata 3,200 a Guwatemala, Indiya, Peru da Ruwanda ya koyar da darasi a nan: an ba rabinsu murhun gas da gas kyauta, hayaƙin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna wani bambancin kirki a nauyin jarirai ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne murhun ya iso ne bayan ciki ya riga ya yi nisa, tsakanin mako na 9 da na 20.

Matan yankin da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, mai cikin fari kuma kunya ba ta barinta ta faɗa. Don haka kada a jira su a asibiti. Ungozomomi da jami'an shirin CHIPS, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, su ne kan fara jin labari, kuma da su ya kamata a haɗa kai. Amarya ma da ba ta samu ciki ba tukuna ta cancanci wannan bayani.

Mataki na 2: Tambayoyin da ke fito da gaskiya

"Kina shaƙar hayaƙi?" tambaya ce da ba ta haifar da komai, domin wadda ta tashi a cikinsa ba ta ƙirga shi. A tambaye ta yadda jiya ta wuce mata: wa ya hura wutar safe, da me aka hura, a ina tukunya take, sau nawa aka ɗora, yaushe aka sauke tuwon dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an yi masa tambayar da ta dace.

Sannan a tambayi sana'a, wadda sabbin ma'aikata suka fi mantawa da ita. A Tudun Wada, inda shinkafa ta zama abin yi, macen da ke turara shinkafa tana iya wuni a gaban manyan tukwane, da buntu ko ɗanyen itace a ƙarƙashinsu. Haka mai ƙuli-ƙuli, mai awara, mai ƙosai da mai dafa daddawa. Wadda ke suya a bakin titi, irin su Kwanar Dangora inda manyan motoci ke tsayawa da inji a kunne, tana haɗa hayaƙin kaskonta da na dizal. Sau da yawa wutar sana'a ta ninka ta girkin gida.

A ƙarshe a tambayi dare: fitila, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, kaskon jin ɗumi, janareta, da ko maigida yana shan sigari a ɗaki.

Mataki na 3: Ziyara a lokacin da wuta ke ci

Ziyarar hantsi, bayan an share madafi an zubar da toka, ba ta nuna komai. A je da la'asar sakaliya, lokacin ɗora sanwa. Bayan sallama da gaisuwa, a nemi a zauna inda mai cikin ke zama, a kan kujerar tsugunonta, domin hayaƙin da ke daidai fuskar wadda ke zaune shi ne abin aunawa. Idan idon ma'aikaciya ya fara ruwa cikin 'yan mintuna, ta samu amsarta.

A haska rufi da tocila. Kunkunniyar da ta yi kauri har tana ɗiga alama ce ta shekarun hayaƙin da bai samu hanyar fita ba. A duba ko akwai taga, ko an toshe ta da tsumma ko kwali. A duba ko hayaƙin yana ratsawa zuwa ɗakin kwana. A ɗauki itace biyu a gwara su: busasshe yana ba da ƙara mai kaifi kuma bakinsa a tsattsage yake, ɗanye kuwa sautinsa a dakushe, in yana ci sai a ga kumfa tana fita ta gindinsa.

Ba a zo neman laifin kowa ba, kuma fuska tana magana kafin baki. Ma'aikaciyar da ta toshe hanci ta yamutsa fuska a madafin mutane ta rufe wa kanta ƙofar gidan.

Mataki na 4: A fara kawar da abin da ke kisa a dare ɗaya

Kafin a zo ga hayaƙin da ke cutarwa a hankali, akwai wanda ba ya jira. Da hunturu, musamman a ƙasar duwatsu ta Riruwai da ƙauyukan gefen dajin Falgore, ana shigar da kaskon garwashi ko kurfoti ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga, a kwanta. Mutane suna ganin gawayi ya fi itace tsabta tunda hayaƙinsa ba ya tashi. Gaskiya ɓurɓushinsa ya fi kaɗan, amma kabon monoksaid ɗinsa tana da yawa, kuma a rufaffen ɗaki taruwa take yi.

Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Ga mai ciki, nan da nan a ce laulayi ne ko zazzaɓi. Abin da ke bambanta su: mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya sun tashi da ciwo iri ɗaya, kuma suna samun sauƙi in sun fita waje. In aka ga haka, a fitar da kowa, a buɗe ƙofa da taga, a kai mai cikin asibitin da ke da oksijin ko da ta ce ta warware, saboda jinin ɗan cikinta bai gama fitar da gubar ba.

Dokar a nan ba ta da sassauci. Garwashi ba ya kwana a ɗaki. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareta yana waje, aƙalla mita 6 daga taga, ba a zaure ko a soro ba.

A wannan zama kuma a yi maganar igiyar leƙo, wato maganin sauro na kunnawa. Wani binciken da aka buga a 2003 ya nuna ɓurɓushin da guda ɗaya ke fitarwa ya kai na karan sigari 75 zuwa 137. Gidan sauron da aka ba ta a awo ya wadatar, in ana ɗaura shi. Turaren wuta kuwa ba wadda za ta bari don an ce ta bari, kuma ba a buƙatar hakan. A turara ɗaki tana waje, a bar iska ta shiga, sannan ta dawo. Tsugunno a kan kasko a lulluɓe da zane shi ne za a ɗage sai bayan haihuwa.

Mataki na 5: Gyaran murhu da ba ya cin kuɗi

Nan ne yawancin nasara take. Abu na farko, a fitar da girki waje, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, muddin ba ruwa ake yi ba. Mai girki ta zauna ta yadda iska za ta bugo bayanta ta tafi da hayaƙin. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka mazaunin da ya dace a Janairu ba shi ne na Agusta ba.

In dole a yi a ɗaki, ana son mafita biyu masu fuskantar juna, ɗaya a sama kusa da rufi, tunda hayaƙi mai zafi sama yake yi. Taga ɗaya a tsakiyar bango ba ta jan iska. Ramin da magini zai huda a sa'a guda ya isa.

Sai makamashi. Doguwa da Tudun Wada sun fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma a tsakiyar damina jiƙaƙƙen itace ne ke cika gidaje da hayaƙi. Ɗanyen itace yana ɓata zafinsa wajen ƙone ruwan da ke cikinsa, wutar ta yi sanyi, ta ƙi cinyewa. A faskara shi ƙanana tun bazara, a jera a kan duwatsu ko katako don kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa a bar gefe. Totuwa da kara ma a adana su haka.

Babban abin da za a yaƙa shi ne hura wuta da leda. Ya zama ruwan dare tun da kananzir ya yi tsada, kuma mai hurawa tana sunkuye daidai kan baƙin hayaƙin. Leda, roba, tsohon silifa, buhun taki, katako mai fenti da jarkar maganin feshi duk ba su da wuri a murhu. Ƙirare busassu da ɗan kara sun isa tayar da wuta. A yi fifita da mafici maimakon busawa da baki.

Hayaƙi ya fi yawa a lokacin tayar da wuta da lokacin ƙara itace. In wani ne zai hura, mai cikin ta zo bayan harshen wuta ya kama, an rage mata kaso mai tsoka. Sauran dabarun na rage zaman ne: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a gama yanka da jajjage nesa da murhu kafin a ɗora. Shinkafa ko wake da suka tafasa sosai za a iya sauke su a nannaɗe tukunyar da tsohon bargo a cikin kwando, su ƙarasa nuna da zafinsu.

Mataki na 6: Zama da masu iko da gidan

Mai ciki, musamman ƙaramar yarinya a gidan surukai, ba ita ke yanke inda murhu zai zauna ba. Duk shawarar da aka ba ta ita kaɗai nauyi ne aka ɗora mata. A nemi uwar miji a ba ta girmanta: "Inna, ku ne kuka san gidan nan. Jikanku muke so ya fito da ƙwarinsa. In an samu mai tayar mata da wuta, an taimaka mana." Ga maigida kuma a kawo abin da ke hannunsa: "Malam, rumfa da huda bango aikinku ne, kuma busasshen itace ya fi ɗanye auki." Maganar auki takan shiga kunne fiye da maganar huhu.

Akwai wani tarko da baƙuwar ma'aikaciya kan faɗa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ranar girki tana tafe da kwana da kuma matsayi. Wadda aka ce wa ta bar girki za ta iya ji kamar an ce ta bar ranarta, sai ta amsa da to, ta ci gaba da abinta. Kada a taɓa ranar. Ita za ta karɓi cefane, ta haɗa miya, ta raba abinci. Hura wuta da tuƙin tuwo ne kawai za a nema mata mataimaki, kuma kada mataimakin ya zama ƙaramin yaro ko mai goyo.

Mai cikin fari da za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta tana da madafi na biyu. In gidan yana wata ƙaramar hukumar, a rubuta a katinta don ma'aikaciyar can ta ɗora.

Mataki na 7: Sabon murhu, ga mai hali

Sai an gama waɗancan ake zuwa nan. Murhu mai tattalin itace, irin Save80 da ake haɗawa a Kano, yana rage itacen da ake ƙonawa ƙwarai, kuma wannan alheri ne ga aljihu da dajin Falgore. Amma a faɗa wa mutane gaskiya: rage itace bai kai a ce iskar ta tsabtata ba, don haka shi ma a waje ko kusa da taga za a ajiye shi.

Makamashi mai tsabta yana da shaidarsa a gida Najeriya. A Ibadan, tawagar Farfesa Christopher Olopade ta yi gwaji da mata masu ciki 324 da ke girki da itace ko kananzir, aka ba rabinsu murhun itanol. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna a awon ƙarshe kashi 1.9 cikin 100 na masu sabon murhun ne ke da hawan jini, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 6.4. Wannan ya kuma nuna risho ba mafita ba ce. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa a 2024, sai dai kafin ta iso ƙauyukan Ƙiru da Bebeji, farashin gas ne ke yanke hukunci.

Gidan da ke iya cika ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 sau ɗaya a wata, a ba su shawarar inda za su kashe shi: kokon safe, ɗumame, ruwan zafin dare, wato ƙananan girke-girken da ake yi a cikin ɗaki. Tuwon gida ya tafi murhun waje. Tukunyar ta tsaya a miƙe a wuri mai iska, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a ƙasa yake taruwa. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu, a ga ko zai yi kumfa. Ba a gwadawa da ashana.

Mataki na 8: Abinci, ƙura, da abin da ƙwaya ba ta yi

Tunani ne mai kama da gaskiya a ce tunda bitamin C da E suna dakusar da sinadaran ɓarna, a ba mai ciki su da yawa. An gwada. Babban gwajin da aka yi a Ingila, aka buga a 2006, bai nuna sun hana hawan jinin ciki ba, kuma a ƙa'idojin awo na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da su don wannan manufa. Kuɗinsu gara a sa a abinci: zogale, rama, yakuwa, tumatir, tattasai, gwaiba, gwanda, mangwaro a lokacinsa, garin ɗan kuka, wake da gyaɗa. Ƙwayar ƙarin jini kuwa kada a fasa ta, domin mai ƙarancin jini ita ce kabon monoksaid ta fi yi wa illa. A sha ta nesa da shayi.

Hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, ba wanda zai tare shi. Ranar da ya yi kauri ta rage fita, a yayyafa ruwa kafin shara, ta kuma nisanci sussuka, shiƙa da ƙona gona bayan girbi. Takunkumin fuska na N95 yana tare ƙura, na ƙyalle kaɗan yake tarewa, kuma babu wanda ke tare kabon monoksaid. A gidajen masu haƙar ma'adinai na Riruwai, kada a daka ko a niƙa dutse a tsakar gida, kayan aiki kuma a cire su a waje. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, daga niƙa dutse a cikin gida ya faro.

Mataki na 9: Bibiya har bayan haihuwa

A kowane awo, cikin takwas ɗin da ake so mai ciki ta samu, a auna jini a kuma tambayi abu guda da aka yi alkawarin canzawa a gida. Jinin da ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20 yana buƙatar gwajin fitsari da ganin likita. In ya kai 160 bisa 110, ko ga matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki, zubar jini ko raguwar motsin ɗa, a tura ta babban asibiti a ranar. Kada a ce hayaƙi ne ya sa mata ciwon kai a sallame ta, domin jijjiga ta nan take farawa. Daga ƙauyukan Doguwa zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano tafiyar sa'o'i ce, saboda haka a tanadi mota da lambar direba tun ciki yana wata bakwai.

Haihuwa ba ta rufe littafin ba. Wankan jego yana nufin babbar wuta safe da yamma har arba'in, sau da yawa a bakin ƙofar ɗakin da jariri yake kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta kusan rabin mace-macen ciwon huhu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da hayaƙin cikin gida. A auna nauyin jariri a ranar farko a rubuta. Sannan a koma gidan kafin suna, a duba inda aka kafa tukunyar ruwan wanka da inda za a girke manyan tukwanen taro, a sa a matsar da su can ƙarshen gida ta inda iska ke fita, a kuma shaida wa mai jego da masu taya ta zama cewa ba a zuwa gaban murhu da jariri a baya.